Na Ce Tauraron Baba Zai Mutu

Assalamu alaikum masu bibiyata. Na ga saƙonninku, wai me ya sa na yi shiru har sati biyu. Lafiyata ƙalau. Kunya ce ta riƙe min hannu, kuma yau ɗin ma ba ta sake ni ba. Wadda ta zo neman hirar masoya mai daɗi gara ta wuce tun yanzu.

Ga sababbin zuwa, sunana Tahira Abdulkabir, shekarata ashirin da shida. 'Yar Unguwar Dinya ce ni, tafiyar minti ashirin a babur daga Tsanyawa. Ina digiri na biyu a kimiyyar taurari, kuma bincikena a kan manyan jajayen taurari ne, waɗanda suka tsufa suka kumbura, suna zubar da jikinsu a sarari kafin wata rana su tarwatse. Malamar da take duba aikina, Dakta Raudatu, ta samo min gurbin wata shida a Afirka ta Kudu, inda akwai babban madubin hangen sama. A can zan auna hasken da kaina, in huta da roƙon ragowar bayanan wasu. Lokacin da abin nan ya faru, fasfo ya fito, biza ta fito, jirgi ranar Litinin.

Abu ɗaya na dawo gida nema: Baba ya buɗe baki ya ce, "Je ki, Allah ya yi albarka." Kada wata ta rubuto min wai ai ba dole ba ne. Na san babu takardar da ta nemi sa hannunsa. Ni ce dai ba zan iya tsallake ƙofar gidanmu babu wannan kalmar ba, kuma kowa ya san halina. Saurayina Mudassir ma ya sani.

Baba malamin lissafin taurarin noma ne. Ba duba ba, ku ji da kyau. Taurari ashirin da takwas ne suke zagaya shekara, kowanne da kwanakinsa, su yake ƙirgawa ya gaya wa manoma lokacin shuka da na yankan dawa. Tun ina yarinya nake jin ana sallama a zaure, "Malam, wane tauraro muke ciki?" A cikinsu akwai Ƙalbu, na ƙarshen kaka, wanda aka haifi Baba a kwanakinsa. Shi ne jan nan da ake gani ta kudu bayan magariba da damina. A gidanmu ba ma kiran sunansa, tauraron Baba muke cewa. Shi ya fara nuna min shi ina goye a kafaɗarsa, kuma saboda shi na zaɓi wannan karatun. Ƙalbu na cikin taurari tara da nake bincike a kansu.

Mudassir kuwa shekara biyu yana nemana. Yana da shago a bakin kasuwar Tsanyawa, yana zuba wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a waya, yana yanka murya yana haɗawa ga masu talla. Fari ne, dogo, ba ya fita sai da gogaggiyar shadda da hula zanna, turarensa yana riga shi shiga zaure. Farfesa yake kirana. Da ina jin daɗin sunan.

Tun ina makaranta, wata guda da ya wuce, ya turo min saƙo:

"Farfesata, wai me kike karantawa ne takamaimai? Ki yi min bayani da muryarki, rubutu ba ya isata."

Ku 'yan mata kun san yadda irin wannan take shiga zuciya. Na ajiye kwamfuta, na gyara zama, na yi masa saƙon murya na minti huɗu da ɗan kai. Na gaya masa Ƙalbu ya fi rana faɗi sau ɗaruruwa, hasken da muke gani ya taso tun shekaru ɗari biyar da wani abu. A tsakiya na ce, ina dariya, "Tauraron Baba fa ya tsufa. Ƙalbun nan ya kumbura, na auna na gani, yana dab da mutuwa. Amma dab ɗin taurari ba irin namu ba ne, zai iya kai shekara miliyan." Ya turo min hoton zuciya guda uku.

Ranar Laraba da yamma ya zo zance. Na saka atamfata mai ruwan ganye da mayafi ruwan toka, na shimfiɗa masa darduma a zaure, na kawo zoɓo da gyaɗa sabuwar cira. Sai da ya sha ya ajiye kofi sannan ya ce,

"Farfesa, ki ɗaga tafiyar nan. A ɗaura mana aure bayan an gama kaka, in ya so baɗi mu duba."

"Gurbin ba ya jira, Yaya Mudassir. Ko yanzu ko a ba wani."

"To a ba wanin mana. Taurarin guduwa za su yi?"

"Kai fa ka ce kana goyon bayana."

"Ina goyon baya. Amma ka goya abu ya fi ka tsawo, ai mutane dariya za su yi maka." Ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Abokaina har sun fara tsokanata, wai mijin Farfesa."

Raina ya ɓaci, kuma idan ya ɓaci bakina ba ya tsayawa. Na ce masa in digirina ne yake rage masa tsawo, to dama can gajere ne. Na ce wata shida ne, in zai jira ya jira, in ba zai jira ba garin cike yake da 'yan mata. Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, ya gyara hula, ya ce,

"Malam ya ba ki izinin ne?"

"Ya ce sai Juma'a zai ba ni amsa."

"Allah ya kai mu Juma'ar."

Washegari da hantsi ina tsakar gida ina ɓare wake a faifai, Inna ta fito daga ɗaki da ƙaramar wayarta a hannu. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Ke! Wannan muryar wace ce?"

Ta danna. Sai ga muryata, har da dariyar:

"Tauraron Baba fa ya tsufa. Ƙalbun nan ya kumbura, na auna na gani, yana dab da mutuwa."

Shi ke nan. Daƙiƙa tara. An datse kai an datse gindi.

Abin da ban gaya muku ba, tun bazara Baba yake fama da ƙirji. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, yana shan magani, duk gari ya sani. Kuma a garin da kowane gida akwai wanda ya yi karatun littattafai, ba wanda bai san ƙalbu da Larabci zuciya ba ce.

"Inna, wallahi tauraron sama nake nufi."

"Na sama? To uban wa aka haifa a cikinsa?" Ta kai min mari, faifan ya kife, kaji suka yo kan waken. "Muka sayar da tumaki, muka jure surutun dangi, ashe duba muka tura ki koyo? Ki auna wa ubanki kwana, kina dariya?"

Kafin azahar gidanmu ya zama kasuwa. Mata suna shigowa wai sun zo ɗibar wuta, a garin da kowa ke da ashana. Wata ta tsaya a bakin madafi ta ce, "Tahira, don Allah duba min, akuyata ta ɓata tun shekaranjiya." Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa da ta yi min wanka ina jaririya ta janye jikarta daga kusa da ni, ta tofa mata addu'a a ka. Wata kuma ta ce, da ƙarfi don in ji, "Dama boko in ya yi yawa a kan mace, ko hauka ko kafirci."

Na shige ɗaki na kira Mudassir. Sau shida bai ɗauka ba. Sai saƙo:

"Subhanallah, yanzu nake ji. Ina jin wani ne ya kwafa daga wayata da na barta a caji. Ki kwantar da hankalinki, ina tare da ke."

"Wanin ne ya iya datsa murya daidai kan numfashi?"

"Zato zunubi ne, Farfesa."

Na ɗauko cikakken saƙon na tura a guruf ɗin 'yan garinmu, mutum ɗari biyu da wani abu, na rubuta su saurara har ƙarshe. Minti uku ba a yi ba aka goge shi, aka cire ni. Ku canki wane ne mai kula da guruf ɗin.

Abin da ya fi ƙona min rai, a cikin mutanen nan akwai malaman makaranta, akwai masu difloma, akwai waɗanda muka zauna aji ɗaya. Ko mutum ɗaya bai ce a tsaya a ji daga bakina ba. Daƙiƙa tara sun ishe su. Mutanen da za su zauna awa uku a gindin dalbejiya suna gardamar ƙwallo, su ne ba su da minti huɗu.

Bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai a ɗakinsa, yana zaune a kan buzu, ƙafafunsa sun ɗan tasa. Ranar ko mutum ɗaya bai zo ɗaukar karatu ba, littattafan na nan a ɗaure yadda ya ajiye su da asuba. Na durƙusa, na ajiye wayar a gabansa.

"Baba, don Allah ka ji duka."

Ya saurara ido a rufe. Da aka zo wurin shekara miliyan, na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Miliyan kika ce?"

"Zai iya kaiwa, Baba."

"To ai ni da shi ba tsere muke ba." Har ya ɗan yi dariya, tari ya tare shi. "Kuma da gaske ya fi rana girma?"

"Nesa ba kusa ba. Da za a ajiye shi a mazaunin rana, da ya haɗiye duniyar nan."

"Allahu Akbar. Shekara sittin ina kallonsa." Ya miƙo min wayar. "Ba duba a cikin wannan, Tahira. Halitta ce, kuma kowace halitta tana da ajali."

Wani sanyi ya ratsa ni, har hawaye ya zubo. Na ce, "To Baba ka gaya musu. Gobe Juma'a, in ka faɗa a ƙofar masallaci kowa zai ji."

Ya ɗauke kai ya dubi bango.

"Shekara arba'in ina wanke kaina daga sunan mai duba. Kakanki ma haka ya yi fama. Yau in na tashi na kare ki, cewa za su yi dama gado ne, gidan 'yan duba."

"Amma ka san gaskiya."

"Na sani. Gari kuma da mutane ake zamansa. Ki je, gobe baffanki zai zo."

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka kira ni zaure. Na saka dogon hijabi baƙi. Baba yana zaune a kusurwa da carbi. Yayansa, Baffa Sha'aban, ya hakimce a tsakiyar tabarma da babbar riga ruwan ƙasa, ya ajiye sandarsa a gaba. A gefensa Mudassir, cikin farar shadda sabuwa fil, kansa a ƙasa kamar ya zo gaisuwar mutuwa.

"Zauna, malama mai ganin gaibu," in ji Baffa. "Ko kin riga kin auna abin da za mu ce?"

"Baffa, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarki. Yau a masallaci mutum biyu suka matsa daga sahun da ubanki yake. Mutumin da yake jan mu salla in liman ba ya nan. Kin ji daɗi?"

"Baffa, wanda ya yanka maganar ga shi nan kusa da kai. Ka tambaye shi."

"Kul! Yaron da tun jiya yake yawo gida gida yana ba da haƙuri a madadinki? Wa kike da shi yanzu a garin nan in ba shi ba?"

Mudassir ya ɗago, muryarsa a tausashe. "Baffa, a yi mata uzuri, ranta ne a ɓace. Ni dai shawara ce da ni, in an yarda. Da murya aka ɓata, da murya za a gyara. Ta yi saƙon tuba, gajere, in tura a guruf. Mutane za su huce, martabar Malam ta dawo." Ya zaro takarda a ninke daga aljihun gaba. "Na ɗan rubuta, don kada ta ruɗe."

Ya miƙo min. Rubutunsa mai kyau ne, a tsaye, kamar na allon talla. Na karanta a zuci:

"Ni Tahira, 'yar Malam Abdulkabir, ina shaida wa jama'a cewa abin da na faɗa a kan tauraro ƙarya ne. Karatun da nake yi a kan taurari ba shi da tushe, ruɗin Shaiɗan ne. Na tuba ga Allah, ina neman gafarar mahaifina da ta jama'a."

Shekara biyu na yi a kan aikin nan. Na yi sati uku ina bin kuskure ɗaya a lissafi har idona ya fara ciwo. Na tsaya gaban malamai bakwai na kare kowane layi. Yanzu mai zuba waƙa a waya ya rubuta min cewa ba shi da tushe.

"Ba zan karanta wannan ba."

"To tashi ki ba mu wuri," in ji Baffa. "Ki je ki hau jirginki, ubanki ya ƙarasa kwanansa ana nuna shi da baki. Dama kin ce saura kaɗan."

Na juya wajen Baba. Carbin ya tsaya a hannunsa, numfashinsa yana fita da ƙyar, irin yadda yake yi in ƙirjin ya motsa.

"Baba, in na karanta, za ka bar ni in tafi?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Karanta, Tahira."

Ga laifina, kuma saboda shi na ɓuya muku sati biyu. Ban ce ya amsa min da e ko a'a ba. Na ji abin da nake so in ji. Na ce a raina, kalmomi ne kawai, in na isa can wa zai tuna da Unguwar Dinya da guruf ɗinta? Ni da nake zagin mutane a kan sun ƙi tsayawa su bincika, ni ma ban tsaya ba.

Mudassir ya matso da wayarsa daidai bakina. Turarensa ya cika min hanci. Na fara karantawa ƙasa-ƙasa.

"A'a Farfesa, ba a ji sosai. Sake daga farko. Ki ɗaga murya a wajen 'ƙarya ne'."

Na sake.

"Saura kaɗan. Kin haɗiye 'ba shi da tushe'."

Sau uku na karanta. A na ukun ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibarsa ta biya hadda daidai. Ya danna, na ji ɗan ƙaran tafiyar saƙo. Nan da nan wayar Baffa ta yi ƙara a aljihu, ta Inna ma na jiyo ta daga bayan ƙyaure, inda take laɓe.

"Alhamdulillahi," in ji Baffa. Ya shafa gemu, ya jawo sandarsa. "To magana ta ƙare. Sai a kwance jakar nan da na ji an ce an ɗaure."

"Baffa, jirgina Litinin ne."

"Jirgin ina? Ke da bakinki kika shaida wa duniya karatun ƙarya ne, ruɗin Shaiɗan. Wane uba ne zai sa wa 'yarsa albarka ta ƙetare ƙasa neman ƙarya? So kike a ce tuban ma wasa ne?"

Na dubi Mudassir, yana goge fuskar wayarsa da bakin riga, a hankali, kamar ba da shi ake ba. Na rarrafa har gaban Baba, na kama gefen tabarmarsa.

"Baba, kai ka ce ba duba ba ne. Jiya ka faɗa. Ka ce halitta ce. Baba, ka gaya musu abin da ka ce min."

Baffa ya juya. "Haka ne, Abdulkabir? Ka faɗa?"

Na ƙirga numfashin Baba, ɗaya, biyu, uku. Mutumin da ya ɗora ni a kafaɗa ya nuna min sama. Ya ja carbinsa ƙwaya ɗaya, ya ce,

"Yarinya ce, Yaya. Ba ta fahimce ni ba." Sannan, idonsa a kan tabarma, "Shiga gida, Tahira."

Ban san yadda na miƙe ba. A soro na biyu wayata ta yi motsi a cikin hijabi. Mudassir ne, daga inda yake zaune, taku goma tsakaninmu:

"Kin yi ƙoƙari, amaryata. Muryarki ta fita tas. Af, na tura wa Daktarku ma, don kada ta yi ta jiran ki a banza."

Ban gama karantawa ba kira ya shigo a kansa. Dakta Raudatu. Na tsaya tsakanin zaure da tsakar gida, ga Inna a gabana tana kwance igiyar jakata, ga su a bayana suna shafa fatiha. Na share fuskata da bakin hijabi, na ɗaga.

Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Tahira, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki yi min kuka. Wace ce a cikin biyun za ta zo filin jirgi ranar Litinin, wadda na koyar ko wadda na ji yanzu?"

Na buɗe baki. Inna ta ɗago kai tana jiran abin da zan ce, igiyar a hannunta.